Ajina ya koma kasuwar Mile 12, yara kuma sun sa baƙon ɗalibi a gaba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Agege, aji biyar na firamare nake riƙe da shi, yara 46, wajen rabi 'ya'yan Hausawa ne haihuwar nan, sauran Yarabawa sai Ibo kaɗan. Ajin nan ba ladabi ko na sisin kwabo, zagi kamar ruwan sha, kowa da sunan tsokanarsa. Farkon zangon nan aka kawo min wani yaro daga Zamfara, iyayensa gudowa suka yi saboda 'yan bindiga, babansa yana dako a mayankar Oko-Oba. Shekararsa 13, ya girmi kowa a ajin, ba Turanci ba Buroka ba Yarabanci. Yarabawa suna ce masa aboki, amma abin da ya fi min ciwo 'ya'yan Hausawan sun fi kowa, baƙauye, ɗan daji, wani ma har ɗan bindiga ya ce masa. Ran nan na sa shi ya karanta 55 a allo ya ce "pipti paip", aji ya kwashe da dariya, wallahi Anti nima dariyar ta kufce min. Tun ranar bai ƙara buɗe baki ba. Satin da ya wuce ya fasa wa monita baki lokacin birek, maman monitan ta zo ta yi ta ihu a ofis, mai makaranta ta ce ko in gyara ajin ko ta sallami yaron don ita ba za ta rasa kwastoma ba. An hana mu duka, iyayenmu Hausawa kuma kullum cewa suke malama ki zane su. Na yi wa'azi har muryata ta dishe, na rubuta dokoki goma na manna a bango, a banza. Albashin ma bai taka kara ya karya ba, har na fara tunanin ajiye aikin. Ya zan yi?

Malama H., Agege

Wa'alaikumussalam malama, sannu da fama, Allah ya ba da lada. Na ɗan rage wasiƙar taki, na cire duk abin da zai sa a gane ki ko makarantar. Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba, tsarin ilimi na ƙasar nan yara 35 ya ce malami ɗaya ya riƙe a firamare, ke an jibga miki 46 masu yare uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, bayan kin sha gosulo a danfo tun da duku-duku, to ko wace ce aka ba wannan sai muryarta ta dishe. Amma akwai naki kason, kuma ke da bakinki kika faɗa, shi ya sa ma kika shiga raina, da wata ce da ta haɗiye maganar dariyar nan ta juye wa yara laifin gaba ɗaya.

Ƙanwata, dariyar nan ita ce bakin zaren. Na san ba da mugunta kika yi ba, dariya ba ta sallama in za ta zo, nima da nake koyarwa na taɓa yi wa wata yarinya haka kuma har yau in na tuna fuskarta sai in ji ba daɗi. Sai dai ki duba abin ta idon yaron, a duk ginin nan ke ce babbar da yake ganin tana jin yarensa, ke ce wadda in an taso shi zai waiga ya nema, sai ya waiga ya tarar da ke cikin masu dariyar. Su kuma sauran 45 a ranar suka samu lasisi, tunda malama ma ta yi ai ba laifi ba ne. Yara ba takardar bango suke karantawa ba, fuskarki suke karantawa, wa kika yi wa tsawa, wa kika ƙyale, wa kika kira da sunansa, wa kika ce wa kai wancan dogon. Don haka ran Litinin kafin a shiga asambili ko lokacin birek ki ja shi gefe inda ba ido, ki yi masa Hausa tsantsa, ki ce ran nan da ka yi karatu na yi dariya, ban kyauta ba, ka yafe min. Shi ke nan, kar ki tsawaita, kar ki ƙara da amma kai ma. Ƙasa zai kalla ya ce ba komai, ki bar shi a haka, maganar ta shiga. Sannan a gaban aji ba tare da kin ambaci sunansa ba ki ce kwanaki wani ya yi kuskure a karatu muka yi dariya har da ni, nawa laifin ya fi naku don ni ce babba, daga yau a ajin nan ba a dariyar mai kuskure. Na san za ki ce girmanki zai zube. Ba zai zube ba, shiru za ki ji ajin ya yi irin wanda bulala ba ta taɓa samo miki ba, don yawancinsu ba su taɓa jin babba ya ce ban kyauta ba.

Shi yaron kuma ki auna abin da yake ɗauke da shi. Ɗan shekara 13 a tsakiyar 'yan shekara goma, ya baro garinsu ba da son ransa ba, Allah kaɗai ya san abin da idonsa ya gani, ya zo birnin da ko kwandasta ya yi masa ihu bai san me ake cewa ba, sannan a kira shi da sunan mutanen da suka koro shi. Wannan kalmar ta ɗan bindiga, ni a wurina ta fi naushin da ya yi nauyi. Hakan ba ya wanke shi, fasa bakin ɗan mutane laifi ne kuma dole ya san ya yi laifi, zan dawo kan wannan. Amma kar ki ce ya tashi ya ba aji labarin abin da ya same su don a tausaya masa, wasu malamai suna yin haka da kyakkyawar niyya sai labarin ya koma sabon abin tsokana. Kuma ki daina ɗaga shi karatu ba shiri. In kina so ya yi magana a aji ki ba shi jimlar tun jiya, ku maimaita tare minti biyar bayan an tashi, gobe in kin kira shi ya faɗa daidai ki ce madalla ki wuce, ba sai an yi masa tafi kamar wani jariri ba. Ki bincika abin da ya iya, yaran da suka tashi a karkara sau da yawa lissafin ka yana zaune musu saboda talla da kasuwa, wani kuma za ki tarar ya yi nisa a allo ya fi duk ajin izu, wani ƙwallo. Duk wanda kika samu ki nemi hanyar da aji zai gan shi yana yin abin da ya fi su. Tsawon nan nasa ma da ake tsokana ki mai da shi aiki, shi ne mai goge saman allo, mai riƙe makullin kabad. In kin lura yana firgita da ƙara, musamman Disamba ta ƙarato yara sun fara fasa nokawut a layi, ko yana yawan barci a aji don ba ya samu da dare, ki gaya wa iyayensa a kai shi a duba shi, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Ki iya bakinki dai wajen faɗa, kin san mutanenmu da sun ji Yaba sai su ce an ce ɗansu mahaukaci ne.

Yanzu 'ya'yan Hausawan da kika ce sun fi ba ki haushi. Ni ban yi mamaki ba sam. Yaran nan su ma tun suna naziri ake ce musu aboki, sun sha wahala kafin su goge, suka iya Buroka suka iya Yarabanci har ba a gane su sai an ji suna, kwatsam sai ga wani ya shigo da duk abin da ake musu gori a kai, to gudun kar a haɗa su da shi ne ya sa suke riga kowa jifansa. Tsoro ne ya sa rigar iskanci. Su kaɗai za ki tara, ba a gaban sauran ba, ki rufe ƙofa ki juya harshe. Ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya kai kakanka daga ina ya zo, za ki ji Kano, Katsina, Sakkwato, Gumel, wani ma Nijar. Ki gaya musu Hausawan Agege ba daga sama suka faɗo ba, fataken goro da na shanu ne suka kafa zango, abin ya ƙara ƙarfi bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma kowane ɗaya daga cikin kakannin nan ranar da ya sauka bai san ko zo in kashe ka da Yarabanci ba, wani ne ya ba shi tabarma da ruwa. Duk suna zuwa Islamiyya da yamma, ki tambaye su wa ya kai Hujurati, aya ta 11 ƙarara ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Kar ki mai da shi dogon wa'azi, kin riga kin gwada kin ga inda ya kai ki. Ki ƙare da ba su aiki, ki zaɓi biyu masu faɗa a ji a cikinsu, har da wanda ya ce masa ɗan bindiga in zai yiwu, ki ce amanarsa na hannunku, ku ne tafintocinsa, in malamin Yarabanci ya shigo ku gaya masa me ake cewa. Yaro in ka ba shi girma da wuya ya yar.

Su kuma 'ya'yan Yarabawa yawancinsu ba su ma san ma'anar aboki ba, a bakin kwandasta da maƙwabta suka tsinta. Wani abin daga gida yake tasowa, garin nan an sha rikici tsakanin mutanenmu da su, na Mile 12 a watan Maris 2016 har sai da aka rufe kasuwar, kuma abin da manya suke faɗa a tsakar gida shi yara suke kawowa aji, namu ma haka, kar mu yi kamar ba mu san sunayen da muke kiransu da su ba. Ba za ki gyara Legas ba, ajinki kawai aka ba ki. Ki gaya musu aboki shi ne ore a yarensu, kalma ce mai kyau, amma a ajin nan kowa da sunan da ubansa ya yanka masa rago ko aka raɗa masa a coci, da shi za a kira shi, ke ma kuma ki riƙe wannan, ba kai ba ke, suna. Akwai wani wasa da na sha yi yana aiki, amma sai bayan sati biyu da ban haƙurin, kuma ki fara shawartar yaron. Ki rubuta ƙwai, ɓera, tsintsiya a allo ki ce Yarabawa da Ibo su faɗa, shi ne alƙali. Sai ki rubuta Gbagada da agbado ki ce Hausawa bismilla, za ki ji Bagada ta ko'ina. Daga nan ki bayyana musu Hausa ba ta raba f da p ba, Yarabanci kuma ba shi da z ba shi da v shi ya sa zero take komawa sero, kowane harshe da inda yake tuntuɓe. Za a yi dariya sosai, amma irin wadda kowa yana ciki, har ke, ki tabbata kin gwada wata kalmar Ibo kin kasa.

Dokoki goman nan ki ɓalle su. Ke kika rubuta, naki ne, ba ruwansu. Ki ɗauki darasi ɗaya ki tambaye su me ake muku a ajin nan da ba kwa so, kowa ya rubuta a 'yar takarda ba suna, wanda bai iya ba ya raɗa miki. Za ki sha mamaki, har manyan masu tsokanar za ki ga suna kuka da sunan da ake kiransu, 'yan mata kuma za su fito da nasu da ba kya gani, na ware ƙawa da gulma da hana aron biro. Daga ciki ku fitar da uku kacal da bakinsu, misali ba zagin iyaye, ba sunan tsokana, in wani na magana a saurara, kowa ya sa hannu a ƙasa har ke. Sai maganar monita. Tsarin nan na ba yaro ɗaya takarda ya rubuta sunan masu surutu ni ban taɓa ganin alherinsa ba, ɗan sanda kika naɗa a cikin yara, yana rubuta wanda ya tsana yana ƙyale wanda ya ba shi biskit, ki bincika ma da kyau me ya faru kafin naushin, ba mamaki akwai wannan a ciki. Ki fasa sarautar gida-gida, mai raba littafi, mai kula da shara, mai tagogi, mai duba wanda bai zo ba, duk sati biyu a canza. Benci ma ki cakuɗa, kar Hausawa su dunƙule a baya Yarabawa a gaba.

Da safe ki tsaya bakin ƙofa ki gaida kowa da sunansa, minti biyar ne. Abin da zai taimake ki shi ne duk yaran nan daga gidajen da suka san gaisuwa suka fito, Bayarabe namiji ya kwanta mace ta durƙusa, kuma yadda muke ce wa babba ku haka suke sa e, sa'a a ce masa kaaro babba e kaaro. Ladabin yana nan, a ƙofar makaranta suke tuɓe shi. Ki sa a riƙa gaisuwar safe da yare ɗaya kowace rana. Tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun Legas, ke nan yaron ko ya so ko ya ƙi sai ya koya, to ki haɗa shi da wani Bayarabe mai sanyin hali su riƙa musaya, kalma biyar a ba shi kalma biyar ya bayar. Ki kuma ja kunnen sauran malamai, in suna masa faɗa ya sunkuyar da kai ba taurin kai ba ne, tarbiyyar gida ce.

Batun duka, mai makarantarku tana da gaskiya a nan, gwamnatin Legas ta hana duka a makarantu tun 2022, in kika zane ɗan wani aka ɗauka a waya ke za a bari da jangwam, iyayen da suke cewa ki zane su ba za ki gansu ba ranar. Kuma tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana duk ƙannen bulala ne. Abin da ya fi ci wa yaro rai shi ne hukuncin da ya dace da laifin kuma ba ya fashi. Wanda ya yi zagi ki matsa kusa da bencinsa ki faɗa masa a hankali ka jira ni in an fita birek, ki ci gaba da darasi, kar ki tsaya ki yi masa sinima don wasu abin da suke nema ke nan. In an fita ya rasa minti goma na wasansa, ya faɗi me ya yi, wa ya ɓata wa, da me zai gyara. Ya yaga littafi ya liƙe, ya zagi uwar wani ya ba da haƙuri a gaban waɗanda suka ji. In ya yi karo na uku a kira gida. Kullum haka, ko ɗan wa ye, ko ɗan mai makarantar ne. Satin farko za su gwada ki sosai, abin ma zai yi kamar ya ƙaru, kar ki saki. Ihun kuma ki rage, aji yana ɗaga murya ne daidai da ta malama, ki samu wata alama, tafi uku su amsa da biyu, ki yi shiru har sai sun yi. Anas ɗan Malik shekara goma yana yi wa Annabi (SAW) hidima yana yaro, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba, mu ba za mu kai can ba amma mu rage.

Maman monita kar ki ɗauke ta abokiyar gaba, ɗanta ya dawo gida da jini a yunifom, ko ke ce sai inda ƙarfinki ya ƙare. Ki kira ta ke da ita, ki fara da ban haƙuri, ki bar ta ta juye duk abin da ke cikinta, sai ta huce ki gaya mata kalmar da aka jefi yaron da ita da dalilin zuwansu Legas, uwa ce, da wuya jikinta bai yi sanyi ba. Baban yaron kuma ba zai samu zuwa da safe ba, lokacin ne aiki yake ci a mayanka, ki neme shi da yamma ko bayan Juma'a, in da hali da wani dattijon unguwa ko limaminsu. Ki gaya masa gaskiya ɗansa ya yi laifi, ya kamata su je su duba yaron ko da lemo ne a leda, in an sayi magani su kama da abin da ya sawwaƙa. Ki roƙe shi kar ya dake shi, don abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Bayan haka ki zaunar da yaran biyu, kowa ya faɗi nasa ba katsewa, mai naushi ya ba da haƙuri, monitan ma in ya tsokane shi ya bayar.

Mai makaranta da harshen kasuwa za ki je mata tunda shi take ji. Ki ce Madam a ba ni zuwa ƙarshen zango, ga abin da zan yi a rubuce, in an kori yaron gobe masu tsokanar za su nemi wani, kuma iyayen Hausawa rabin ajin ne, labari in ya zaga Zango cewa an kori ɗan gudun hijira an bar masu zaginsa ba kwastoma ɗaya za a rasa ba. Ki nemi alfarmar ya riƙa zuwa ajin ƙasa awa ɗaya don Turanci kawai ya dawo, ko a yi masa lesin bayan tashi, amma kar a mai da shi aji biyu gaba ɗaya, ɗan 13 a cikin 'yan bakwai guduwa zai yi. In ta kafe sai ta sallame shi, to kar ki bari ya faɗa titi, ki raka baban makarantar gwamnati mafi kusa, firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a dokar UBE ta 2004, ki rubuta wa sabon malamin 'yar takarda kan abin da yaron ya iya, ki kuma gaya wa ajinki gaskiyar abin da bakinsu ya jawo.

Ajiye aiki kuma ban ce kar ki yi ba, albashin makarantun kuɗi na unguwa kowa ya san yadda yake, in kin samu inda ya fi ki tafi da albarka. Amma ba a tsakiyar zango ba kuma ba cikin wannan ɓacin ran ba, ki bari a yi jarabawa a ba da hutu ki yi lissafinki da sanyin kai. Yanzu dai ran Litinin ki fita da wuri ki riga gosulon Pen Cinema, ki samu yaron kafin a buga ƙararrawa. In an yi sati huɗu ki sake rubuto min, ina so in ji wace kalmar Ibo ce ta kayar da ke.